Injin da ke taya zuciyar Auta

Inna,

Ina gaishe ku da kyau. Ya ƙafar Baba? A gaida min su Yaya.

Aikin da aka yi wa Auta ya yi kyau, an cire ƙarin. Sai dai washegari zuciyarta ta yi rauni, ta kasa tura jini. Likita ya ce wahalar aikin ce ta gajiyar da ita, kuma irin wannan yakan warke. Na sa hannu a takarda, aka zura mata ɗan inji ta jijiyar cinya, yana taya zuciyar aiki har ta huta.

Yau kwana huɗu. An rage ƙarfin injin, zuciyar ta jure. Kamfanin da nake wa tuƙi sun ce in koma jibi ko su ba wani motar. Na ce su ba shi, ba inda za ni.

Ɗazu ta buɗe ido ta ce, "Ka gaya wa Inna?" Na ce tukuna. Ta harare ni, shi ne na ɗauki biro.

Ku sa mu a addu'a. Da yardar Allah, da ƙafarta zan kawo muku ita.

Surukinku