Fasinjan Kalilu

Daura, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana Hafizu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya mutanen Katsina? Kai dai miji ne marowaci, jikokin wasu na aiko da turmin atamfa, kai sai hotunan tashar Daura. To, na gani, na kuma yafe.

Wallahi ka iya. Daɗin abin, ba wanda ya san ana ɗaukarsa. Ga malamin makaranta ya wage baki yana hamma a tagar mota, ga mai fura ta dafe ƙwarya tana hararar yaron mota. Ni da aka taɓa ɗaukata, sandarewa na yi kamar na haɗiyi taɓarya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Kalilu ɗan acaɓa, ɗan maƙwabciyata Kubura, yana dariya zai kama hanyar Mai'adua. Fasinjansa ne ya ɓata hoton. Duk tashar shi kaɗai ya dube ka, kuma ba kallon arziki ba ne.

Na liƙa su a zaure, duk wanda ya shigo sai ya sha labarinka.

Tsohuwar amaryarka,
Kaka Laraba.

Daura, ranar Juma'a.

Hafizu,

Ina gaisuwa, Allah Ya sa wannan ta same ka lafiya. Yau babu tsokana.

Ashe tun safiyar hoton nan Kalilu bai dawo ba. Kubura ta ɗauka ya tsaya wajen kawunsa a Kongolam, yadda ya saba. Shekaranjiya aka tsinci takalminsa a cikin gonar gero, babu shi, babu babur. Ta zo ta tsaya gaban hoton tana kuka, sai na ɓamɓare na ba ta ta kai wa hukuma. Ya zan yi? Ɗanta ne.

Jiya wani baƙo ya yi sallama, har da goro. Ya yabi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya daɗe yana kallon gurbin na Kalilu a bango. Ya tambayi mai ɗaukar, na ce kana Legas. Ya yi murmushi, wai ai ya ji duk Asabar kana zuwa.

Gobe Asabar. Kada ka zo, ko an ce maka ina kwance ne. Tun safe akwai wani mai babur tsaye a bakin lungunmu, mutum uku sun nemi ya kai su, bai ɗauki kowa ba.

Allah Ya tsare min kai.

Kakarka,
Laraba.