Buhu Mai Ɗinkin Jan Zare

Daga:
Babbar 'yar Mai Ɗinki,
Gidan bene mai hawa huɗu, ɗaki na 12,
Bayan tashar jirgin ƙasa.

10 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Kula da Gandun Tsaunuka da Yawon Buɗe Ido,
Babban Ofishi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUKE LITTAFIN BAƘI NA BUKKAR ƘOLOLUWA, DA SHIRIN ƘONA SHI RANAR JUMA'A 28 GA YUNI, 2024

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da ma'aikatanka, ina rubuto ta ne a madadin mahaifiyarmu, mai sana'ar ɗinki, 'yar shekara sittin da huɗu, wadda muke kira Mama. Ita ce mai ƙorafin. Ni hannu kawai na ara mata, domin tun da muka dawo daga gandunku ba ta iya haɗa magana mai tsawo. Ni ma'aikaciyar ɗakin fayil ce a wani asibiti, shekarata goma sha tara a ciki, don haka na san doka, na kuma san kowace takarda tana da ranar shigarta da ranar ƙonewarta. Ba faɗa na zo yi ba. Zan jera abin da ya faru daki-daki, da kwanan wata, kamar yadda aka koya mini.

1. Ranar Asabar 6 ga Maris, 2021, ƙanena, wanda kowa ke kira Auta duk da ya kai shekara ashirin da bakwai yana kuma cin gashin kansa da gyaran lantarki, ya shiga gandunku shi da wani abokinsa. Ranar Lahadi suka kai ƙololuwar dutsen da ke cikin gandun. Ranar Litinin 8 ga wata, a hanyarsu ta dawowa gida, motar da suka shiga ta yi hatsari. Abokin ya tashi da karaya. Auta bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Ina so a rubuta tun yanzu cewa ba mu taɓa ɗora wa Hukumarka alhakin wannan ba. Dutsenku ya sallame shi lafiya lau, kwanansa ne ya ƙare a kan kwalta.

2. Bayan wata uku, da abokin ya fara taka ƙafa, ya zo gaishe da Mama. Shi ya faɗa mata cewa a bukkar da ke ƙololuwa akwai wani babban littafi mai koren bango, wanda duk wanda ya hau yake barin 'yan kalmomi a ciki. Mutane layi ɗaya ko biyu suke yi su ba na baya wuri. Auta kuwa shafi guda cur ya cika, har masu jira suka fara tsaki. Abokin ya leƙa, Auta ya kare da hannu ya ce ba da shi ake ba. Kalma ɗaya tak ya samu ya gani, ta farko a saman shafin, ita ce "Mama". Ranka ya daɗe, wayar Auta ta farfashe a hatsarin, kuma yaran yanzu ba su cika taɓa biro ba. Mun zazzage ɗakinsa kaf, ba mu samu komai da rubutun hannunsa ba sai jerin wayoyin wuta da soket da yake shirin saye. Wannan shafi shi ne maganarsa ta ƙarshe ga uwarsa, kuma har yau ba ta san me ya ce mata ba.

3. Mun rubuto wa ofishinka muna roƙon a sauko mana da littafin na yini ɗaya, ko a ɗauko mana hoton shafin. Amsa ta zo ɗauke da kwanan wata 11 ga Afrilu, 2022, da hatimin Jami'in Hulɗa da Baƙi, na kuma haɗa kwafinta da wannan takarda. Ga abin da ta ce, kalma da kalma: "Littafin baƙi ba ya barin bukka ko da wane dalili, kuma ba a ɗaukar hotonsa saboda sirrin sauran baƙi. Mai buƙatar ganinsa sai ya hau." Ni da na karanta raina ya ɓaci, na ce wannan ai wulaƙanci ne. Mama ta karɓi takardar, ta ninke ta gida huɗu, ta ce ba wulaƙanci ba ne, hanya aka nuna mata.

4. Ya kamata Mai Girma Darakta ya san ko wace ce aka ce wa ta hau. Mace ce da ta yi shekara arba'in tana taka keken ɗinki na ƙafa, har gwiwoyinta suka cinye. A lokacin, daga ƙasa zuwa ɗakinmu sai ta huta sau biyu. Washegarin zuwan amsarku ta fara hawa da sauka a matakalar gidanmu, taki sittin da huɗu, kullum da safe kafin ta buɗe keke. Da farko sau ɗaya, tana haki kamar ranta zai fita. Bayan shekara guda ta kai sau shida, da jaka a baya cike da ƙyallaye. Maƙwabta suka sa mata suna Direbar Bene, suna tambayarta ko yau akwai fasinja, ita kuma tana ce musu mota ta cika sai gobe. Matar da ke hawa na biyu ta ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofarta don hutawa. Shekara biyu da wata ɗaya tana wannan. A cikinsu wani jagoran hanya daga cikin ma'aikatanka ya ji labari, ya aiko cewa zai ɗauko mata hoton a ɓoye. Ta ƙi. Ta ce an ce ba a ɗauka, kuma ba za ta raba bawan Allah da aikinsa saboda ita ba. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ko an tambaye ni. Sabon tabarau ma ta yanka musamman, ta ƙi sa shi ko don zura zare, domin rubutun Auta kamar tonon kaza yake, malamansa sun gaji sun ƙyale shi, ita kaɗai ke iya karanta shi a duniya.

5. Ranar 27 ga Mayu, 2024, ofishinka ya ba mu takardar izinin hawa mai lamba 0417. A gurbin "dalilin ziyara" ni da hannuna na rubuta: "Karanta littafin baƙi na Bukkar Ƙololuwa." Aka duba, aka buga hatimi, aka yi mana fatan alheri. Ba wanda ya ce mana uffan. Daga baya na samu labarin cewa tun ranar 20 ga Mayu wannan ofishin dai ya fitar da umarnin kwashe littattafan. Mako guda cur takardar umarnin tana ajiye a tebur ɗaya da hatimin da aka buga mana.

6. Mun fara hawa ranar Litinin 3 ga Yuni, ni da Mama da jagoran da aka haɗa mu da shi, muka kwana a zango na uku. Ba zan ɓoye ba, gandunku yana da kyau. Mun ratsa gadar katako a kan ruwa mai sanyin ƙanƙara, mun ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafunmu, matasa masu manyan takalma suna wuce mu suna tafa wa Mama. Ita ko kallon gefe ba ta yi, ƙafarta kawai take duba tana ƙirga taki. Ranar Talata 4 ga wata, wajen ƙarfe goma na safe, tsakanin zango na uku da ƙololuwa, inda hanya ta matse, muka yi kiciɓis da 'yan dako uku suna saukowa da buhuna. Muka raɓe jikin dutse muka ba su hanya. Na ƙarshensu, wani dattijo, buhunsa ya yage a kusurwa, yana tafe yana tare yagar da hannu. Mama ba ta taɓa iya ganin yagaggen abu ta wuce ba, kuma ba ta fita ko nan da ƙofar gida ba tare da allura da zare a jakarta ba. Ta tsayar da shi. Na ce mata mu tafi, lokaci na ƙurewa, ta ce in yi mata shiru. Ta zauna a kan dutse, ta sa ya ɗora mata gefen buhun a cinya, tana tsokanarsa cewa wanda ya ɗinka wannan buhu da ƙafa ya ɗinka shi. Jan zare kaɗai ya rage mata. Akwai wani abu mai tauri, mai kusurwa, da ya leƙo ta yagar. Ta tambaye shi me ya ɗauko haka, ya ce shi ma bai sani ba, tarkacen ofis ne. Ta sa babban yatsanta ta tura abin ciki, ta ɗinke, ta sake bi ta kai sau biyu don kada ya ƙara buɗewa. Ya yi ta sa mata albarka, ta ce masa ya sauka lafiya.

7. Ƙarfe ɗaya da rabi na rana muka kai. Mama ta tsaya a ƙofar bukkar ta gyara mayafinta, ta fito da sabon tabarau ta sa, sannan ta yi sallama ta shiga. Kantar da littafin yake zama babu komai a kanta sai shatinsa a cikin ƙura. A bango an kafa wani allo mai tambari, wai baƙo ya haska shi da waya ya rubuta saƙonsa a intanet maimakon littafi, a wurin da ko layin waya babu. Mai gadin bukkar, da ya ji abin da ya kawo mu, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce da safiyar nan aka kwashe, littattafai shida, duk a buhu ɗaya, har kusurwarsu ta fara yaga buhun tun kafin a fita ƙofa. Ya ce ya ma tuna Auta, shi ne saurayin da ya gyara masa fitilar bukkar mai aiki da hasken rana, ga ta can har yau tana kamawa. Mama ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon babban yatsanta, sannan ta ce, "Ashe na riƙe shi." Ta cire tabarau ta mayar gidansa. Ranka ya daɗe, na tsaya a kan gawar ƙanena ban faɗi ba, amma ranar nan sai da na fita na zauna a bakin ƙofar bukkar. Minti goma ɗanta yana kan cinyarta, ita da hannunta ta rufe shi, ta kuma yi masa fatan sauka lafiya.

8. A hanyar saukowa gwiwarta ta dama ta kumbura, daga zango na biyu sai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka sauko da ita. Ina yaba wa jagororinka, sun riƙe ta kamar uwarsu. Ranar Alhamis 6 ga wata na je babban ofishi. Daga Hulɗa da Baƙi aka tura ni Sashen Kadarori, daga can aka tura ni sito. Mai kula da sito ya duba takardata ya ce izinin hawan dutse ne, ba na shiga sito ba. Ya ce buhuna sun haura arba'in daga bukkoki da zanguna daban-daban, ba a rubuta komai a jikinsu ba, kuma kwamiti ya riga ya sa ranar Juma'a 28 ga Yuni don ƙona su a matsayin tsofaffin takardu. Ya ce sa hannun Babban Darakta ne kaɗai zai iya tsayar da wannan. Ban ga laifinsa ba, ni ma da irin amsar nan nake sallamar mutane a wurin aikina, kuma tun ranar nake jin kunyar kaina.

9. Ƙorafinmu a taƙaice shi ne: Hukumarka ta ce littafin ba ya sauka ko da wane dalili, tsohuwa ta gaskata ta, ta ba da shekara biyu da ragowar gwiwoyinta. Sai ga shi an sauke shi saboda allo, a ranar da ta hau, ta hanyar da ta bi, ba tare da wani ya ɗaga waya ya ce mana mu dakata ba. Likita ya ce gwiwar dama ta gama aiki, kada ta ƙara hawan ko da tudu. Jiya da safe na nemi Mama a ɗaki na rasa. A hawa na biyu na same ta, zaune a kan 'yar kujerar nan, da jakar ƙyallaye a bayanta. Ta ce wai ko za a mayar da littafin sama, kada a same ta ba shiri.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, muna roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya ba da umarni a rubuce a dakatar da ƙona buhunan kafin ranar 28 ga wata. Daga yau saura kwana goma sha takwas.

(b) Ya ba Mama izinin shiga sito, ko a fito mata da littafin mai ɗauke da 7 ga Maris, 2021, ta karanta shafi ɗaya a gaban duk jami'in da ka zaɓa. Ba za ta duba na kowa ba, ba za ta ɗauki hoto ba. Ba diyya muke nema ba, ba kuma so muke a hukunta wani ba.

(c) Idan doka ta nace sai a ƙololuwa ake karanta shi, to ina roƙonka da girman Allah ka karya ta sau ɗaya. Kun riga kun karya ta saboda allo. Idan aka mayar da shi sama Mama za ta hau, na san halinta, kuma ban yi zaton za ta sauko da ƙafarta ba.

Neman buhun ba zai ci wa ma'aikatanka ko rabin awa ba. A cikin buhunan nan duka, shi kaɗai ne mai ɗinkin jan zare a kusurwa, layi uku a jere. Mama ta ce in roƙi duk wanda zai buɗe shi kada ya sa wuƙa ta wurin, domin littafin yana manne da ɗinkin daga ciki. In da hali a bari ta zo ta warware da kanta, ita ta san inda ta ƙulle.

Ina fatan Mai Girma Darakta zai dubi wannan koke da idon rahama. Allah ya ƙara girma, ya bar maka naka.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Yayar Auta,
a madadin mahaifiyarmu, mai takardar izini lamba 0417.

Abin da aka haɗa: kwafin amsar ofishinka ta 11 ga Afrilu, 2022; kwafin takardar izini; takardar likita.