Tayoyin Rustem a Bakin Ƙofa

Daga gidanmu na ƙauye, cikin watan Janairu.

Zuwa ga yayana Nurettin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga ƙanwarka Gulizar, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya a can Jamus, kai da yaya Saniye da yara duka. Yaya gwiwar taka? Allah ya sa ta daina hana ka tsayuwa wajen aiki. Safunan ulu da maganin tari da ka aiko sun iso tun kafin hanya ta toshe, Allah ya saka da alheri. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatuna a firamare ya tsaya, kuma hannuna sanyi yake ji. Na zaɓi takarda ne don duk ranar da ka bugo waya gida kowa sai ya kewaye ni, ba abin da nake iya cewa sai lafiya lau.

Mu nan muna cikin ikon Allah. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya tun makon da ya wuce, ta kai har rabin tagar ɗakina, ƙauyen duk ya zama kamar an kife mu da akushi. An ce katafilar gwamnati mai kwashe ƙanƙara tana can ƙauyukan ƙasa, sai ta gama da su ta hauro. Shanu lafiyarsu ƙalau, busasshen kashinsu da muka tara don hura wuta zai kai mu bazara in an yi tattali. Ni kuwa ko da hanya a buɗe take ba inda zan je, takaba ta ɗaure ni. Daga murhu sai ɗakin shanu, daga ɗakin shanu sai taga. Har yanzu in na ɗora shayin la'asar kofi biyu nake fitarwa, sai na ajiye na tuna. Dilek, matar ɗana Erdal, cikinta ya tsufa sosai, ungozomar asibiti ta ce haihuwar wata mai kamawa ce, kuma ta ce ɗan bai kwanta daidai ba, lallai a asibitin Erzurum za ta haihu, kada a kuskura a tsaya a gida. To wannan ita ce maganar da ta hana ni sukuni, yaya, ita ce kuma dalilin takardar nan.

Ba ka samu zuwa jana'iza ba, kuma abin da aka gaya maka shi ne motar maigidana Rustem ta zame a gangaren da ke bayan tsohon injin niƙa. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba. Rustem yana da tayoyin sanyi, irin masu riƙe hanya a kan ƙanƙara, sababbi fil, ya sayo su tun kaka ya jera a ɗakin shanu ya lulluɓe da buhu. Ka san doka ta ce motocin haya su sa su daga ɗaya ga Disamba, daga ranar jandarmomi ke fara tare hanya. To direbobinmu sun mayar da wannan rana kamar ganin wata. Ba mai sawa kafin ta zo, wai kwalta busasshiya tana cinye taya. A tsakiyar Nuwamba Rustem ya dubi kan dutse ya ce mini bai yarda da wannan gajimaren ba, zai sa su. Ya gangara shagon shayin Dursun neman wanda zai kama masa. Nan suka sa shi gaba. Dursun ya ce jama'a ku zo ku ga Rustem zai sa wa motarsa kayan sallah tun azumi bai kama ba. Wani ya ce tsufa ne, gobe ma da bargo zai lulluɓe ta ya ba ta shayi. Aka yi ta dariya. Ka san halin Rustem, ya fi tsoron dariya a kan kura. Ya dawo yana murmushi ya ce bari dai ranar ta zo, ai saura kaɗan. Ƙanƙara ba ta jira ranar ba. Ya kai fasinja gari da safe hanya a bushe, kafin ya juyo ta sauka. Shi kaɗai ne a motar, wannan kam na gode wa Allah.

Erdal yana cikin masu dariyar a ranar. Ba shi ya gaya mini ba, matar Dursun ce ta faɗa tana kuka ranar da muka raba alewar sadakar arba'in. Ban taɓa tayar masa da zancen ba. Amma tun daga rasuwar, in ya shiga ɗakin shanu sai ya bi ta bango ɗaya, ba ya ko kallon kusurwar da tayoyin suke.

Ka san motarsa da ta ubansa iri ɗaya ce, sai dai tasa fara ce ta gida, doka ba ta hau kanta ba. Tayoyin da ke jikinta na rani ne. Da na ce masa ya ɗauki na ubansa ya sa saboda Dilek, sai ya ce ba wanda ya wajabta masa, yana da sarƙar ɗaura wa taya a but, kuma ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Na ce ubansa ma ya san ta. Ya tashi ya fita bai shanye shayinsa ba. Na ce to ya sayi wasu in hanya ta buɗe, ya ce mai tayoyi na gari ba shi da girman motarsa sai an yi odarsu, ga shi kuwa ba a san ranar da za su zo ba. Sai kuma baffansa Hikmet ya shigo maganar. Ya zo ya zauna bakin murhu da sukarinsa a kunci yana kurɓar shayi, ya ce a ƙauyen nan tun kaka da kakanni mutanen gida ba sa amfani da kayan mamaci, takalminsa a bakin ƙofa ake ajiyewa mabuƙaci ya ɗauka, tufafinsa a bayar. Ya ce tayoyin ma haka, su fita sadaka ladan ya kai kabari, ajali kuwa in ya zo ko tayar ƙarfe ka sa sai ya ɗauke ka. Na ce haka ne yaya Hikmet, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Ya ce to malama, ashe takaba har karatu take ƙarawa. Erdal kuwa ya samu mafaka, ya ce maganar baffa ita ce magana.

A cikin kwanakin nan da kowa ke tsare, ba zancen da ake yi a ƙauye sai na doka. Malamin makaranta ya ce a rubuta wa gwamna a roƙa a wajabta tayar sanyi a kan kowace mota, ta haya da ta gida. Dagaci ya ƙi, ya ce mutumin da ke fama da kuɗin ciyawar shanu za a ƙara masa tarar jandarma, kuma wanda bai ji tsoron faɗawa kwari ba ai ba zai ji tsoron takarda ba. Mata suna zuwa mini gaisuwa suna tambayata ra'ayina, kamar mutuwar miji ta mayar da ni alƙali. Ni yaya ban sani ba. Wata rana in ce da dokar ta hau kan kowa da yanzu ba na roƙon ɗan da na haifa. Wata rana kuma in ce ai dokar ce ta ba su rana, suka riƙe ranar suka daina kallon sama. Na tuna ka taɓa ce mana a can wajenku ba rana ake bi ba, yanayin hanya ake bi, in da ƙanƙara dole ka sa ko da wane wata ne. In haka ne ka rubuto mini shi dalla-dalla yadda zan ba malamin makaranta. Ko bai amfane ni ba, ya amfani wata.

Amma gwamna yana nesa, cikin Dilek kuwa yana kusa. Kullum in kalle ta tana dafa bango tana tashi, in kalli gangaren nan ta taga, sai in ture abincina gefe. Ba zan iya fita in kai ƙara wajen liman ba, ba zan iya kiranka a gabansu ba. Sai ranar Talata da hantsi, Erdal ya tafi taya maƙwabta kwashe ƙanƙara daga rufi, na shiga ɗakin shanu na yaye buhun. Yaya, har da alli a jikinsu, rubutun hannun Rustem, ya sa alamar wadda za ta gaba da wadda za ta baya. Na zauna a kan akwatin dusa na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Da na share fuskata sai na gangaro da su ɗaya bayan ɗaya ta cikin zaure, na tsaya daga ciki na tura su waje, na jera su a bakin ƙofa daidai inda muka ajiye takalminsa. Na aika aka gaya wa Hikmet na bi maganarsa, kayan mamaci sun fita, mabuƙaci ya zo ya ɗauka.

Da Erdal ya dawo ya gan su sai ya tsaya cak. Ya ce Inna me ke nan. Na ce sadaka ce, ba ta gidan nan ba ce yanzu, duk wanda ya fi buƙata nasa ne. Ya tsallake su ya shige ɗaki.

Wallahi zuciyata ta tsinke, don ka san yadda abin yake, takalmin mamaci ba ya kai azahar a bakin ƙofa. Na zauna a taga ina jiran in ga wanda zai kwashe su, ina cewa Gulizar kin yi wauta, kin jefar da abin da ke hannunki. Sai ga Battal, wanda tayoyin motarsa suka sule kamar kan dagaci, ga 'ya'ya cike da gida. Ya zo daidai ƙofa, ya rage tafiya, ya dube su, ya dubi farar motar Erdal, sai ya gyara hularsa ya wuce yana kallon wani gefe kamar an kira shi. Bayansa wasu suka wuce, kowa haka. Dursun mai shayi ya zo da tsintsiya ya share ƙanƙarar da ta fara rufe su, bai yi sallama ba, bai ɗaga kai ba, ya koma. Har Hikmet ya biyo ta wurin, ya yi tsaye yana jan carbi, na ji yana ce wa wani yaro kada ya kuskura ya hau kansu da wasa. Suka kwana, suka wuni, suka sake kwana. Ƙauye guda na mabuƙata, ba wanda ya miƙa hannu.

Ranar Alhamis da safe muna karyawa, Dilek ta ajiye gurasarta, ta ɗaura mayafi, ta zura takalman Erdal don nata ba sa shigarta yanzu. Yarinyar nan da ba ta iya haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta. Ta fita, muna kallo ta ƙofa, ta sunkuya da wannan cikin ta kama taya ɗaya tana ƙoƙarin tayar da ita. Erdal ya yi tsalle ya bi ta yana cewa ko ta haukace ne. Ta ɗago tana haki ta ce masa, ba da ƙarfi ba, amma na ji: “Inna ta ce na mabuƙaci ne. Ni ban ci gadon baba ba, ban kuma yi masa dariya ba. Ni ce mabuƙaciyar, ni da wanda ke cikina. Ka ɗaukar mini kayana ka kai mini mota.”

Na ɗauka zai yi faɗa. Ya daɗe a tsaye, ƙanƙara na sauka a kansa babu hula. Sai ya durƙusa ya sa yatsa yana bin rubutun allin nan, kafaɗunsa na rawa. Na ja Dilek ciki na rufe ƙofa, don namiji ba ya son a ga irin wannan. Can an jima muka ji ƙarar jak ana ɗaga mota. Da na leƙa, Dursun ne ke riƙe da sifana, Battal na miƙa ƙusoshi. Kowace taya sun sa ta inda Rustem ya rubuta.

To yaya, ga roƙona. In ka bugo waya kada ka yi wa Erdal zancen tayoyi, ko na yabo ko na faɗa, kada ma ya san na gaya maka na shagon shayi. Ka tambaye shi lafiyar shanu, ka tambaye shi sunan da zai sa wa ɗan. Kai ne kawunsa, yanzu ba shi da babban da yake jin kunya kamarka, kuma ciwon bai kame ba. Mun shirya da zarar katafila ta buɗe hanya zai kai Dilek gidan gwaggonta a Erzurum ta zauna har ta sauka. Ni ba zan bi su ba, kwanakin takabata ba su cika ba. Jikan Rustem na fari zai zo duniya ina nan tsakanin murhu da taga. Ban ce hankalina ya kwanta ba, gangaren yana nan inda yake, taya kuma ba ta hana ƙaddara. Amma raƙumin dai an ɗaure.

Ka gaida yaya Saniye, ka ce ina jin daɗin safunan. Ka gaida Tunjay da matarsa, da Sevgi, da ƙaramarku Elmas, ka ce ta riƙa sa hula in za ta makaranta. Hikmet yana gaishe ka, Dilek tana sumbatar hannunka. Ku sa Rustem a addu'a bayan kowace salla, ku sa mu ma.

Zan naɗe takardar nan in sa a jakar Dilek, ita za ta jefa ta a gidan waya. In ta iso hannunka, ka san sun wuce injin niƙa lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Gulizar