Babi Talatin da Bakwai a Cikin Asusun Injiniya

Zuwa ga Injiniya Sagir,
Mai shagon gyaran waya a bakin tasha, Gwarzo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa, da dukkan wayoyin al'umma da Allah Ya damƙa amanarsu a hannunka.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina rubuta littafi, kuma na soyayya ne. A gidanmu kowa ya san ina karanta su, har an gaji da yi min faɗa, amma ba wanda ya san idan na zauna gindin darbejiya ina danna waya, nawa nake rubutawa. Labarin wani malamin gona ne da wata mai ɗinkin hula. Babi talatin da bakwai na yi. Duk zuwan da na yi shagonka ina ce maka manhajar da nake rubutun a cikinta ta karatun makaranta ce, ƙarya na yi, Allah Ya yafe min. Majalisar da ke cika bencinka ce ta ɗaure min baki.

Ga yadda abin ya faru, ko da yake ka fi ni sani.

Batu na ɗaya. Da yayata Nafisa za ta tafi makarantar koyon jinya ta bar min wayarta, wurinka muka kawo ka saita. Na tambaya a hankali ko za a buɗe min asusu nawa. Ka ce mutanen ƙauye ba sa riƙe lambar sirri, ka sa min naka. Karamci ne, kuma ashe ba ni kaɗai ka yi wa ba. Daga Madadi zuwa Sabon Birni har Kabo, duk wanda ya taɓa miƙo maka waya ka shiga cikinta da sunanka. Ban san ina da dangi haka ba. Da asusun nan na sauke manhajar, a cikinta nake rubutu, a can kuma rubutun yake ajiye.

Batu na biyu. Mako guda bayan ƙaramar Sallah wayar ta fara maƙalewa. Ka ce sai an yi mata filashin, wato a wanke ta tas. Na tambaya ko abin da ke ciki zai dawo, ka ce komai yana sama yana jirana. Gaskiya ka faɗa, har yau yana saman. Duk sanda na danna in sauke manhajar, sai alamar ta yi ta juyi kamar akuya a turke, wani rubutun Turanci ya fito, shi ke nan.

Batu na uku. Sau huɗu na zo daga Madadi, kowane zuwa sai na ƙirƙiro wa Inna dalili. Zuwan farko ka ce sabis ne. Da na dawo ka ce memori ne ya cika, a wayar da kai da kanka ka wanke, ko hoton kaza babu a ciki. Sai kuma ka ce ta tsufa, ka nuna min wata a cikin gilashi. Zuwan ƙarshe ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce wa mutanen benci 'yan matan yanzu ba su da aikin yi sai waya. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba. A mota na yi kukan.

Batu na huɗu. Turancina bai kai na Injiniya ba, don haka na kwafe rubutun a takarda, da Yaya Nafisa ta zo hutu na nuna mata. Ko zama ba ta yi ba ta fassara. Cewa yake asusun ya kai iyakar wayoyin da aka yarda ya ɗauka, kuma tunda an wanke tawa, baƙuwa ake ɗaukarta. Maganin ba ya buƙatar sukurdireba: mai asusun ya shiga, ya buɗe jerin wayoyin, ya cire waɗanda suka daina aiki, a samu gurbi. Ta ce ko kuwa in buɗe nawa in huta. Na ce to. Ban iya gaya mata ba cewa sabon asusu bai san malamin gonana ba.

Batu na biyar. Ta rako ni ranar kasuwa, kuma da yake ita ba ta jin nauyin kowa, ka buɗe jerin. Sai ga wayoyi sun yi sahu, kusan duk sunansu ɗaya, don samfuri ɗaya kake sayarwa, ba ka kuma taɓa rubuta wace ce ta wa ba. Ka rantse ba za ka taɓa ko ɗaya ba, kada ka cire ta Hajiyar wani babban mutum ta zo ta tayar maka da shago. Na fahimta ƙwarai. Wayar maƙwabcinmu da ta faɗa rijiya bara tana nan a kujerarta, ana girmama ta. Wadda aka sace a gidan biki ma, ɓarawon yana da gurbinsa. Har tawa ta kafin wanki tana cikin sahun ta tare min hanya. Ni mai rai da waya a hannu, ni ce babu wuri.

Injiniya, na san a wurinka wannan shirmen yarinya ne. Amma na bar malamin gonan nan a tashar Kabo, ruwa na sauka, ya buɗe baki zai yi magana. Wata biyu ke nan bakinsa a buɗe. Na gwada sake rubutawa a bayan littafin lissafi, abin ya ƙi zuwa. Na tuna abin da ya faru a babi na tara, amma yadda na faɗe shi ya tafi, kuma shi ne nake so. Shekara guda da wani abu na yi ina haɗa shi.

Don haka ina roƙon abu uku, cikin ladabi:

1. Ka buɗe jerin nan ka duba ƙarƙashin kowace waya. An rubuta ranar da aka yi amfani da ita na ƙarshe, Yaya Nafisa ta nuna maka da yatsa. Wadda ta shekara ba ta motsa ba, ba ta Hajiya ba ce. Ka cire guda ɗaya tak.

2. Ka ba ni lokaci in sauke manhajar a gabanka, in kwashe rubutuna zuwa asusun da zan buɗe da sunana. Lambar sirrin zan riƙe, in sha Allahu, duk da ƙauyancina.

3. Duk wanda ya kawo waya daga yau, ka buɗe masa nasa, ka rubuta masa lambar a takarda.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare maka shago, Ya ba ka ikon karanta abin da waya ta rubuta kafin ka ɗora wa sabis laifi. Amin.

Na yi kwafi biyu na wasiƙar nan, ɗaya taka, ɗaya ta bangon mai cajin waya, don sauran mazauna asusunka su san halin da suke ciki. Kwana uku suna cikin jakar Islamiyyata. Na yi tunanin in ba direba ya kawo, na yi tunanin in goge sunana. Amma takarda marar suna za ta shiga sahun abubuwan da ba ka san mai su ba. Gobe bayan azahar zan zo da kaina, in miƙa maka hannu da hannu, in tsaya har ka kai layin ƙarshe. Na cika wayar da caji.

Wassalam.

Taka mai jiran gurbi,
Rumasa'u, daga Madadi.