Benci na Biyar

Litinin, 30 ga Agusta, 1954
Hedimasta ya damƙa mini rabon tikitin lorin da zai kwashi 'yan makaranta daga Gashuwa zuwa Nguru, su kama jirgin Juma'a. Ya ce ni ce ba na duba fuskar kowa. Gaskiya ya faɗa. Benci biyar, kowanne mutum shida. Na yanka kwali talatin, na sa lamba, na buga hatimi. Bara an cusa yara arba'in da ɗaya, wata yarinya ta faɗo ta karye. Bana babu wannan sakarcin.

Talata, 31 ga Agusta
Ɗan farina ma zai tafi. Ran Litinin mai zuwa zai zauna jarrabawar shiga sakandare a Zariya, wanda bai je ba, za a ba wani gurbinsa. Shi ya fara zuwa layi, na ce ya koma baya. Lamba talatin na ba shi. Uwar da ta fara da ɗan fari a gaban jama'a ba ta da kunya.

Alhamis, 2 ga Satumba
Lori ya zo da benci huɗu.
Yuguda direba ya ce ai kowa ya sani, da damina ana cire na baya a sa katako da shebur saboda taɓo. Ni ban sani ba. Da rani na ƙirga bencunan, kuma ban tambayi kowa ba.
Na kira lamba ɗaya zuwa ashirin da huɗu, na rufe. Biyar daga cikin sauran tsofaffin ɗalibai ne, za su iya bin jirgin Talata. Na shida shi ne.
Yuguda ya jawo ni gefe. "Malama, ɗanki Dunoma fa? Ya zauna kan katako, ko ya matsu kusa da ni." Na ce idan na sa nawa, da wane baki zan hana biyar ɗin? Wata uwa ta ce ɗanta ya sauka ya ba nawa wuri, na ce tikiti ba a musayarsa. Yuguda ya tofar da goro ya ce, "Ke kam, Allah ya kyauta."
Yaron ya miƙo mini kwalin. Ya ɗauki akwatinsa.

Juma'a, 3 ga Satumba
Bai kwana a gida ba. An gan shi jiya da azahar ya bi hanyar Nguru da ƙafa, akwati a ka. Wajen mil arba'in, cikin ruwan nan. Taurin kai ne. Malam, babansa, bai taɓa abincin da na kai masa ba.

Lahadi, 5 ga Satumba
Shiru.

Talata, 7 ga Satumba
Wasu masunta sun kawo shi a kan jaki. Ya isa tasha bayan sallar Juma'a, jirgi ya tafi tun hantsi. A dawowa zazzaɓi ya kayar da shi kusa da Jajimaji. Tafin ƙafarsa duk ya tsage. Na wanke masa da ruwan gishiri, ya juya fuska bango.
Malam ya ce, "Kin yi daidai, ko?" Na ce na yi. Doka ba ta san ɗan kowa ba. Har yanzu haka nake gani.

Laraba, 29 ga Satumba
Wasiƙa ta zo. An ba wani gurbinsa.

Asabar, 6 ga Nuwamba
Ya tafi Nguru wurin kawunsa Laminu, zai koyi awon gyaɗa. Ya durƙusa ya yi mini sallama yadda ya kamata. "Malama, na tafi." Tun da ya tashi daga ciwon nan bai sake ce mini Iya ba.

Litinin, 10 ga Janairu, 1955
Lori, benci biyar, tikiti talatin. Wani tsoho daga Jakusko ya zo da jikarsa Kellu, gara ta cinye tikitinta a cikin akwati, sai ɗan guntu. Na yi masa faɗa sosai a kan sakaci. Ina cikin faɗan na ga Yuguda ya ɗaga yarinyar ya ɗora ta kan buhu, da wasu biyu da ban san daga ina suka fito ba.
Rana ta yi zafi, idona kuma yana damuna kwanan nan. Na rubuta talatin, na ce ya ja.