Jitar Yohanna a Bakin Kasuwa

Laraba da dare, Gayam.

Na kasa barci. Yau ƙanena Yohanna ya zo da jitarsa daga Kaduna, ya ɗora waƙar yabo a kan kiɗan da samari ke kira rege. Shekara shida ina wa'azi a bakin kasuwar nan, ban taɓa tara mutum ashirin ba. Yau har masu tsire sun bar tukubarsu. Amma ina buɗe Littafi Mai Tsarki, rabi suka watse.

Na ce masa kiɗan otal ne wannan. Ya ce, "Yaya, rabin da suka tsaya fa?"

Babanmu sai da ya ƙone gangarsa kafin a yi masa baftisma. Ni kuwa yau, ya Ubangiji, ƙafata ce ta fara bin kiɗan.