Koren da ke jikin sulallan Baba

Zuwa ga Yayana Lutfi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Salwa da yara a can Marsai. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Kelibiya lafiya lau, an gama tsinkar zaitun, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, albishirinka! Ka tuna sulallan tagullar nan da garmar Baba ke tonowa a gona, yana tarawa a gwangwanin yajin harisa? Ka san shekara biyu ke nan bai taka gidan gahawa ba, tun ranar da Munji mai gidan ya ce a gaban jama'a wai tarkacen jabu ne irin na yaudarar 'yan yawon buɗe ido, wai tsoho ya rasa aikin yi sai kiwon maɓallai. Abin ya ci min rai, har na samu wata malama a gidan tarihi ta yarda ta duba su.

Saura kaɗan mu yi asara. Ana gobe tafiya na tarar da Gwaggo Mubarka ta zauna da lemon tsami da toka, wai ba za a kai wa manya kaya duk tsatsa a ce gidanmu ƙazamai ne ba. Ta riga ta dirje guda uku suna walƙiya kamar farantin salla kafin na ƙwace sauran. Garin neman gira dai!

Malamar ta ture masu walƙiyar gefe, ta ce an kankare musu shaida. Koren nan da Gwaggo ke ƙyama, ta ce, ƙasa ce ta yi shekara dubu biyu tana shafa shi. Ta nuna mana kan mace a fuska ɗaya, doki da dabino a ɗayar, ta ce bugun tsohuwar daular Kartaj ne, na jabu kuwa zubi ne, da layi a gefensu. Sauran talatin da ɗayan duk na gaske! Baba ya bar wa gidan tarihin su, suka ba shi takarda da sunansa. Wallahi sai da na yi kuka.

Jiya ya sa jar hularsa ya koma gidan gahawa, ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ce wa Munji ya karanta wa jama'a da ƙarfi, shi mai kiwon maɓallai ya manto tabaransa a gida. A aljihunsa suke, ni na sa masa.

Inna da Gwaggo suna gaishe ku. A shafa min kan Anis da Rim.

Ƙanwarka,
Najat